Yatsu Biyar na Malama Afuwa

Akwai wata malama a Maraɗi, zamanin da Faransa ke mulkin ƙasar, ana ce mata Afuwa. Ba Bahaushiya ba ce. Daga Gwalkwas ta fito, ƙasar da yau ake kira Gana. A wurinsu Afuwa sunan macen da aka haifa ran Juma'a ne, kamar dai Jummai a wurinmu.

Mijinta ya rasu, danginsa suka kwashe gida kaf, suka bar ta da akwati ɗaya. Hajiya Tasalla mai fataucin goro ce ta gamu da ita a Kumasi, ta ji tausayinta.

Ta ce, "Ki biyo ni Maraɗi. 'Yan kasuwarmu kullum suna Kano da Katsina, Ingilishi na ba su wuya, lakwal kuwa, makarantar gwamnati, Faransanci kaɗai take koyarwa. Ki zo ki koya ma ɗiyansu."

Haka Afuwa ta ɗauko akwatinta. Ta sha mota, ta sha jirgin ruwa, ta sha jaki, har ta iso da Hausarta 'yar guntuwa ta tsintar hanya.

Wanda ya ba ta zaure a Sabon Gari shi ne Alhaji Abdulmutallib, babban dillalin gyaɗa. Mutumin kirki ne, ban hana shi ba, amma jama'a, akwai son a yaba! Ko sabon takalmi ya saya sai ya zagaya kasuwa da shi sau biyu. Ya sa 'yarsa Zuliha cikin yaran, yarinyar da ko haƙoran gaba ba ta gama mayarwa ba.

Yara suka so Malama kamar me. Tana koya musu da waƙa da tafi, ba bulala. Kafin a gama cire gyaɗa, ko'ina ka bi a unguwar sai ka ji "Gud monin! Gud monin!" har da tsakar rana.

Sai aka zo ƙidaya. Malama ta ɗaga hannu tana buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya: "Wan, tu, tiri, fo..." Da ta kai biyar sai ta ware tafin hannu gaba ɗaya ta miƙo shi wajen yara, ta ce, "Fayif!"

Yara suka fashe da dariya har da birgima. Baiwar Allah ta ɗauka daɗin karatu ne, ta ce su maimaita. Suka ware yatsu suka miƙo mata, "Fayif!" Ina ta san daƙuwa take koya musu?

Ana nan aka yi suna a garin Tsibiri, kusa da Maraɗi, gidan tsoho Nomau, mahaifin matar Alhaji. Manomin gero ne mai rumbuna, ba ya yawan magana, amma in ya yi ba a maimaitawa. Alhaji ya je da Zuliha. Ƙofar gida cike da dattawa, sai son yabon nan ya motsa.

Ya ce, "Baba, jikarka hwa ta iya Ingilishi. Zuliha, zo ki ƙidaya ma kakanki."

Yarinya ta tsaya gaban tsoho tana washe giɓi. Wan, tu, tiri, fo. Sai ta ware yatsu biyar ta kai su dab da hancin Nomau, ta dage iya muryarta, "Fayif!"

Innalillahi! Wani dattijo goro ya sarƙe shi. Nomau ya dubi yarinyar, ya dubi surukinsa, ya ce, "Ni da jikata wasa muke, ba ta da laihi. Amma kai da ka kawo ta ta ambaci uwata gaban mutane, sannunka." Ya tashi ya shige gida.

Alhaji ya dawo Maraɗi kamar zai ci babu. Ya kori yara, ya rufe zaure, ya tsaya kan Malama yana huci.

"Ashe zagi kike koya ma ɗiyanmu? Ko ki bi motar Litinin ki bar garin ga, ko in tahi bariki in ce ma kumandan Ingilishi sun aiko mai ɓata mana yara. Ki zaɓa."

Kumandan, Baturen Faransa mai mulkin garin, da ma ba ya ƙaunar jin Ingilishi a ƙasarsa. Afuwa ta san in magana ta kai bariki, da gumiye, dogaran kumandan, za a raka ta iyaka. Kuma ina za ta koma? Gida babu, miji babu.

Da Hajiya Tasalla ta yi mata bayanin abin da yatsun ke nufi, sai da ta kama baki. Amma daga baya zuciya ta ɗebe ta. Ta ce, "Ni ba laifi! Biyar biyar ne! Ko'ina duniya biyar ne!"

Hajiya ta ce, "Ɗiyata, baƙo ko da ido makaho ne. Gaskiyarki, ba ki sani ba. Amma tsohon can an kunyata shi gaban tsaransa, kuma hannunki ne ya kai can. Durƙusa ma wada ba gajiyawa ba ne."

Ranar Litinin da safe Alhaji ya sa aka ɗauki akwatinta aka ɗaure bisa mota a tasha. Motar sai ta cika take tashi, wajen la'asar. Malama ta tsaya ta kalli akwatin nan da ta taho da shi tun daga Kumasi, hawaye ya zubo mata. Ta share, ta karɓi ƙullin goro wajen Hajiya, ta kama hanyar Tsibiri a ƙasa.

Ta tarar da Nomau bisa tabarma gindin gawo. Gefe kuwa ga Alhaji a tsugune, ba takalmi, yana ba da haƙuri ana yi masa kunnen uwar shegu. Ta cire nata takalmin, ta durƙusa, ta ajiye goro.

Tsoho ya ce, "Ke ce baƙuwar? Mi sunanki?"

Ta ce, "Afuwa."

"Na ji kina neman afuwa. Sunanki na tambaya."

"Afuwa, Baba."

"Ke yarinya, mu bi abu daki-daki. Suna tukuna!"

"Baba, suna Afuwa. Kuma ina so afuwa. Duka biyu."

Dattawan da ke wurin suka tuntsire. Nomau ya so ya daure, gemunsa ya ƙi, sai rawa yake.

Ta ce, "Baba, ni ban sani ba. Amma ni na koya. Laifi nawa, ba na yarinya ba, ba na Alhaji ba. Ka koya mini yadda ku kuna ƙidaya, in koya ma yara daidai."

Wannan magana ta shiga tsoho. Malama guda, mai harshen Nasara, ta tako tun daga Maraɗi tana roƙon manomi ya koya mata! Ya ɗaga hannunsa mai kanta ya ce, "Mu nan lanƙwasawa muke. Ki fara da ƙaramin yatsa. In kin kai biyar hannu ya dunƙule, ba ki zagi kowa ba."

Ta lanƙwasa tana faɗi, shi ma yana binta, "Wan, tu, tiri..." Da suka kai ƙarshe tsoho ya ɗaga dunƙulallen hannu sama ya ce, "Hwayib!" Wuri ya kaure da shewa.

Sai ya harba babban yatsansa wajen Alhaji, yana maimaitawa, ya ce, "Wancan kuwa, tun shekaranjiya nike gaya mashi..."

Malama ta yi wuf ta rufe fuska da mayafi. Ya ce, "Lahiya?"

Ta ce a hankali, "Baba, a garinmu, wannan yatsa da ka yi, shi ne namu zagin uwa."

Nomau ya dubi babban yatsansa kamar yau ya fara ganinsa. Ya juya ga surukinsa ya ce, "To, Alhaji! Ashe tun shekaranjiya uwarka nike ambato da harshen Gwalkwas ban sani ba. Sai ka nemo mota ka kore ni daga Tsibiri."

Alhaji ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri."

"Ita ta yi kuskure ta tako ta gyara. Kai ka yi hushi ka kori marainiyar Allah. Ina kayanta?"

"Suna bisa mota, Baba."

"Tahi ka sauko da su. Da kanka, ba yaranka ba. Gobe ka buɗe zaure. Kuma ran Laraba ka ba ta jaki ta zo nan, jikokina na Tsibiri ma suna so."

Wani dattijo da ya zo daga Jiratawa ya ce su ma ba za a bar su a baya ba, a sa musu rana.

Alhaji ya hau dokinsa ya sukwane, ya iso tasha direba na shirin tashi. Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin irinta ba: babban dillalin gyaɗa, da babbar riga da tumbi, ɗauke da akwatin Malama a ka, yana ratsa Sabon Gari gumi na zuba. Yara suka biyo shi a baya suna tsalle suna "Gud monin, Alhaji!" Har ƙofar Hajiya Tasalla, masaukin Malama, ya kai shi, ya sauke, ya zauna kan dakali yana jiran Malama ta iso ya ba ta haƙuri.

Darasi: In ka je ƙasar wasu, ko kai ne malami, ka yarda a koya maka. Wanda ya yi kuskure ya durƙusa ya fi wanda ya yi fushi ya yanke hukunci, kuma kafin ka kori baƙo ka tambaye shi abin da yake nufi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda ke zaune a ƙasar da ba tasu ba.