Dalilin da Ya Sa Fatar Giwa Ta Yamutse

Dalilin da ya sa kuke ganin fatar giwa a yamutse, ninki bisa ninki tun daga goshi har dunduniya, ba tsufa ba ne. Ko 'yar giwar da aka haifa jiya, haka za ku same ta. Abin yana da asali, ku gyara zama ku ji shi daki-daki.

A zamanin da, Barci dattijo ne mai sana'a, kamar maƙeri ko masaƙi. Sana'arsa bugu, irin wanda ake yi wa tufafin da suka fito daga marina domin su yi sheƙi, sai dai shi fata yake bugawa. Duk wanda ya kwanta ya rufe ido, mutum ko dabba, Barci zai zo da gungumensa da sandarsa, ya zare masa fata a hankali kamar riga, ya yayyafa mata raɓa, ya ninke, ya buge ta sarai, sannan ya mayar masa kafin ya farka. Sharaɗinsa guda ne: ba ya aiki ana kallonsa.

A lokacin babu mai kyan fata kamar Giwa. Idan ta tsaya a rana, tsuntsaye kan sauka su duba fuskarsu a gefen cikinta. Saboda haka da kaka ta yi, aka sa ranar kalankuwa, sai 'yan matan dawa suka zaɓe ta ta ja musu gaba a rawa.

Saura kwana uku, tana hira da aminiyarta Dorina a bakin kogi, sai ta ce, "Ni kam ban taɓa sanin yadda Baba Barci yake gyara mu ba."

"Da sanda mana," in ji Dorina. "Ya ɗora a kan gungume ya yi ta jibga."

"Fatar tawa ake jibga?"

"Tun ranar da aka haife ki, Yaya. Da me kike zaton take sheƙi?"

Wannan magana ta tsaya wa Giwa a rai. Ta ce a zuciyarta, idan hannun tsohon nan ya goce ya fasa mata fata ana gobe biki, ina za ta sa kanta? Sai ta ƙi kwanciya. Kwana biyu cur tana tsaye tana shafa man kaɗe, ta shafa ta sake shafawa. Amma maimakon fatar ta ƙara kyau, sai ta dusashe kamar tsohuwar tabarma, ƙarƙashin idanunta ya kumbura.

Da Dorina ta gan ta, ta ce, "Yaya, wa ya rasu?"

"Ke dai ba ki da mutunci. Mai na ƙwarya guda na shafe."

"To ai ga amfaninsa nan muna gani. Ni da kike kallo, man me na taɓa shafawa? Kwanciyata kawai nake yi, tsoho ya yi aikinsa. Ki je ki kwanta, gobe ce fa."

Giwa ta amsa da baki, amma ta ƙulla dabara. Ta jingina da wata kuka, ta rufe ido ɗaya, ta saukar da kunnenta bisa ɗayan, tana leƙe ta ƙarƙashinsa. Can wajen asuba Barci ya iso ya ajiye kayansa.

"'Yar nan, idonki biyu?" ya tambaya.

Giwa ta saki ɗan minshari na ƙarya.

Barci ya zare fatar, ya yayyafa mata raɓa. Da yake faɗinta ya fi ƙarfin gungumensa, sai da ya yi mata ninki arba'in kafin ta hau. Duk wannan Giwa ta daure. Amma da ya ɗaga sanda sama, sai ta kasa, ta miƙa hanci ta fizge abinta.

"Baba, ba dai a kan fatata ba."

"Ashe kallona kike yi," in ji Barci, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Kawo in ƙarasa. Ninkin nan ɗanye ne. Bugu ne ke kashe shi, idan kuwa rana ta riske shi haka, ya zauna ke nan."

"Zan miƙe shi da kaina."

Ta zura fatar a jiƙe ta yi gaba. Tana cikin ja nan, ja can, rana ta ɓullo, ninki arba'in suka bushe a jikinta.

Dorina ta yi dariya har ta shaƙi ruwa, amma da ta ga hawayen aminiyarta sai ta raka ta wurin Barci. Giwa ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Tsoho ya shafa fatar, ya girgiza kai.

"Na yafe miki, 'yata, amma gyara ya wuce. Kuma tun da ba ki amince da hannuna ba, zan riƙa leƙo ki kaɗan in sauke miki gajiya, sandata kuwa ta bar fatarki."

Giwa ta ce ita da kalankuwa sai dai ta ji labari. Dorina ta ce ba ta san wannan zance ba. Ta ja ta cikin kogi ta jiƙa ta sharkaf, ko fatar za ta ɗan yi duhu ta ɓoye aibin, sannan ta tura ta fage.

Da farko an yi ta ƙus-ƙus. Amma da rana ta take, masu santsin fata suka bushe, suka galabaita, suka nemi inuwa ɗaya bayan ɗaya. Giwa kuwa kowane ninki nata ya riƙe ruwa, sanyi na ratsa ta, ta yi ta juyi har makaɗa suka roƙe ta ta bari su huta.

Da yamma Dorina ta ce, "To, Yaya, kin ci rawa."

"Na ci," in ji Giwa. "Amma da na kwanta, da na ci da kyauna."

Shi ya sa har yau giwa take yawo da fata a yamutse, tana watsa mata ruwa da hanci, barcinta kuwa ɗan kaɗan ne, sau da yawa ma a tsaye. Dorina mai yawan kwanciya tana nan sumul. Haka kuma mutumin da ya saba raba dare ido biyu, za ku ga tamoji ya riga furfura zuwa fuskarsa. Saboda haka kowa ya tashi ya nufi shimfiɗarsa, kuma ban yarda da mai leƙe ta ƙarƙashin mayafi ba.