Tsawa, Karen da Aka Sa wa Alkyabba

A can wani zamani mai nisa an yi wani sarki mai suna Jatau ɗan Nomau jikan Tunau, mai Birnin Ruwan Zuma, mai buɗaɗɗen hannu, mai faɗaɗɗen zaure, wanda bai san wata damuwa da kyautar riga ba ta warkarwa. Birnin nan kuwa da idon ruwa guda yake rayuwa, kuma idon ba ya ɓuɓɓuga sai wani kare mai suna Tsawa, wanda aljanu suka ba kakannin sarki amana, ya tsaya a kansa ya yi haushi da hantsi.

Ana nan, sai ƙaiƙayi ya kama Tsawa, ya wuni yana susa, gashi na zuba, fata na ja, har ya manta da haushi. Ruwa ya fara janyewa, tuluna suka fara komawa gida wayam. Sarki ya ce lallai rashin girmamawa ne ya ɓata wa karen rai, saboda haka aka lulluɓa masa alkyabba mai nauyi, aka shimfiɗa masa kilisai, fadawa kuma, da yake babu mai yarda hannunsa ya taɓa kare, suka riƙa tsayawa nesa-nesa suna watsa masa turare. Susa ta ƙaru, ruwa ya ƙara raguwa.

Ƙaramin ɗan sarki, Barmo, saurayi mai tsantseni, mai yawan tunani, wanda kan duba takalminsa kafin ya sa ƙafa, shi ne ya kasa haƙuri da ganin mata suna kankare laka. Ya faɗi gaban mahaifinsa ya nemi izinin zuwa fadar Zamrudu, sarauniyar aljanu, aka sa masa albarka ya kama hanya. Ya ratsa birnin da ganuwarsa ta gishiri ce, mutanensa ba sa kuka don kada gidajensu su narke. Ya haye kogin da ke gudu sama, yana ƙanƙame da wuyan wani kifi mai surutu wanda ya dame shi da labarin surukansa. Ya wuce kasuwar da ake sayar da inuwa a kwando, bai tsaya taya ko ɗaya ba.

Ya iske sarauniya bisa karagar lu'ulu'u, doguwa, kyakkyawa, mai idanu kamar garwashi. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya zayyana abin da ya kawo shi. Ta tambaye shi me suka gani a jikin karen, ya amsa cewa ba su duba ba, amma sun sa masa alkyabba. Dariya ta kece a fada, har wani tsohon aljani ya faɗo daga kan ginshiƙi.

"Ɗan sarki," in ji ta, "a garinku in mutum ya taka ƙaya, rawani kuke naɗa masa?"

"Ranki ya daɗe, an taɓa yi," in ji Barmo cikin ladabi.

Ta tafa hannu, aka shigo da wani kare mai girman bijimi, yana susa har ƙasa na girgiza. Ta ce ba za ta ba da magani ba sai ya faɗa mata abin da ke damun wannan. Barmo ya nemi sanda don ya duba karen ba tare da ya taɓa shi ba, aka ce babu. Ya nemi tsumma, aka ce babu. Tun yana yaro ake hana shi kusantar kare, amma da ya tuna tulunan nan wayam, sai ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya tsaga gashin da yatsunsa. Nan ya ga ƙuma na tsalle, kaska sun yi ɓul-ɓul a bayan kunne.

"Ka gama jarrabawa," in ji sarauniya. "Hannu dai wanke shi ake yi."

Sannan ta karanta masa magani dalla-dalla: a cire kaska a hankali har da kanta, a dafa ganyen darbejiya, a bari ya huce, a yi wa karen wanka a kiyaye idanunsa, in ya bushe a shafa man kaɗanya kaɗan inda fata ta tsage, a wanke shimfiɗarsa a shanya a rana, a raba shi da turare. Ta ƙara da cewa in gyambo ya yi ruwa, kada a tsaya gwaji, a kai shi ga masanin dabbobi. Barmo ya sa ta maimaita, ya kuma sa ta sake, har ta gaji ta sa guguwa ta ɗauke shi ta dire a ƙofar gidansu.

Da hannunsa ya yaye wa Tsawa alkyabbar, ya yi duk yadda aka ce, fadawa na kallo daga nesa suna toshe baki. Sannu a hankali fata ta lafa, sabon gashi ya tsiro baƙi siɗik. Ran nan da hantsi Tsawa ya miƙe, ya girgije, ya taka zuwa idon ruwa, ya saki haushin da ya tashi tsuntsayen birni gaba ɗaya, ruwa ya ɓarke sanyi ƙalau, mata suka ɗauki guɗa.

Sarki ya naɗa Barmo magajinsa a bakin ruwan, kuma da zai koma fada, ya tsaya, ya waiga, ya sunkuya duk da girman rawaninsa ya sosa wa Tsawa bayan kunne. Sannan ya ce a kawo buta, lokacin salla ya yi. Allah ya sa mu ji ƙan duk mai rai da aka ba mu amanarsa.