Igiyar Tasalla

A zamanin da ake bin hanyar Gwanja da jakuna a ɗauko goro, akwai wani daji da fatake ke kira Dajin Baushe. Kwana uku ake yi a cikinsa ba a ga hayaƙin gida ba, kuma ta mashigi ɗaya ake tsallake koginsa. Wata shekara, bayan ɗaukewar ruwa, wata tsohuwar ɓauna ta zo ta tare mashigin. Waɗanda suka gan ta suka tsira sun ce baƙa ce kamar gindin tukunya, ƙudan zuma sun yi saƙa tsakanin ƙahoninta, in ta girgiza kai sai su tashi su fara yi mata yaƙi kafin ta iso. Ta kashe jakuna goma sha ɗaya da mutum biyu. Ayari ya tsaya cak a zangon bakin daji.

Mutum biyu kaɗai ke zaune a cikin dajin nan a lokacin, wani maharbi da ake kira Anaruwa da matarsa Tasalla. Shi dogo ne marar yawan magana, wanda ake yi wa kirari da hadarin gabas mai zuwa ba sallama, na Tasalla, dawa ta san takunka. Ita kuwa 'yar maƙera ce. An ce a bakin maƙera naƙuda ta kama uwarta, don haka abin da ta fara ji a duniya ƙarar masaba ce. Ta tashi tana jin abin da ƙarfe ke faɗi. In ta ƙwanƙwasa shi da zobenta ta kara kunne, za ta gaya maka inda ya gaji da inda yake shirin tsagewa. Ubanta bai haifi namiji ba, sai ya koya mata gyaran bindiga, maƙeran garinsu na ta gunaguni.

Ta wajen gyaran ne ta san Anaruwa. Ya kawo bindigarsa kunama ta saki, ta gyara. Bayan kwana bakwai ya dawo da ita, ya sake dawowa, har sau tara, alhali babu abin da ya sami bindigar. A na tara ta miƙa masa abarsa ba ta ko duba ba, ta ce ya je ya ga babanta ya daina wahalar da ƙarfe.

Bindigar nan adaka ce irin ta ɗuri ta baka, sunanta Baƙa. Ba ta da ado ko kaɗan. Ƙotarta ta ƙirya ce, an ɗaure tsakiyarta da fatar gada. Tasalla ba ta taɓa goge bututunta da yashi ba. Ciki take wankewa da ruwan zafi bayan kowane harbi, waje kuwa man kaɗe take shafa masa, har ya yi duhu kamar tsohon akushi.

Shugaban ayarin da ya tsaya shi ne Madugu Ƙosau. Madugu ne na gado, ba na ƙafa ba, domin ubansa ne ya san hanya, shi kuwa dukiyar ya tarar. Abin da ya sa a gaba a duniya tara bindigogi. Yana da arba'in da uku: waɗansu ta hamada suka zo, waɗansu daga bakin teku, waɗansu an yi musu zanen azurfa, wata ma an ce ta wani jarumi ce da ya mutu tun kafin a haifi kakansa. Takarkarai shida ke ɗauke da su a naɗe cikin farin zane. Duk zangon da aka sauka, rumfar bindigogi ake fara kafawa, kafin ta mata, kafin ta marasa lafiya. Kowace da sunanta, kuma yana iya wuni yana ba baƙo tarihinsu har baƙon ya rasa hanyar gudu. Amma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jan kunama ba. Ko tsawa aka yi, hannun riga yake cusawa a kunne.

Shekara goma sha tara barorinsa na fitar da bindigogin nan kowace safiya suna dirza su da yashi da toka da ruwan tsamiya, domin Madugu yana son ya duba haƙoransa a jikin bututu. Baran da bindigarsa ba ta nuna fuskar maigida ba, ranar babu fura.

Da ayari ya kwana goma sha biyu a zango, guzuri ya fara ƙarewa, sai aka aika wa Anaruwa. Ya zo da hantsi, Baƙa a kafaɗa, Tasalla na biye da shi da jakar kayan aikinta. Madugu na kishingiɗe a kan kilishi, ya dubi bindigar ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Wannan muciya ce ko bindiga? Ku karɓo mini ita. A jingine ta a ƙofar rumfa, baƙi su ga abin da mutanen dawa ke fama da shi."

Aka karɓe Baƙa. Madugu ya sa aka fito da wadda ya fi so, Tauraruwa, doguwa mai zanen azurfa, tana ɗaukar ido, ya ce da ita Anaruwa zai harbi ɓaunar. Ba kashe ɓaunar ne ya dame shi ba. So yake a riƙa cewa daga nan har Gwanja bindigar Ƙosau ce ta buɗe mashigi.

Anaruwa ya ce shi da tasa ya saba. Sai maroƙin Madugu, wani gajere mai suna Ɗangoma, ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Ashe hadarin gabas iska ce kawai. An ba shi bindigar manya hannunsa na rawa."

Fatake suka yi dariya. A nan Anaruwa ya yi wautar da maza kan yi idan aka yi musu dariya a gaban matansu. Ya dafa layar da ke damtsensa ya rantse cewa gobe da bindigar da Madugu ya miƙo masa zai harbi ɓauna, ba da wata ba. Maharbi kuwa in ya dafa laya ya rantse, ko ya cika ko ya bar dawa har abada.

Tasalla ta roƙi a bar ta ta riƙe Tauraruwa, kamar mai sha'awa. Ta ƙwanƙwasa bututun da zobenta daga baki har gindi, ta kara kunne. A wajen gindi, daidai inda albarushi ke kama wuta, daidai inda mai harbi ke kwantar da kuncinsa, ƙarfen ya amsa mata da siririyar murya irin ta fasasshiyar ƙwarya. Dirzar shekara goma sha tara ta cinye shi. Ɗurin ɓauna kuwa albarushi yatsa huɗu ne, ba irin na zabo ba.

A kan hanyar komawa, rana ta karkata, ta ce da mijinta, "Maigida, in ka ja kunamar can, hannunka na hagu da rabin fuskarka za su riga harsashi fita."

"Na riga na dafa laya."

"Na gani. Duk zango ya gani. Gajeren mutum ya yi maka waƙa ka ba shi hannunka tukuici."

Suna cikin tafiya ya ce, "To me kike so in yi?"

"Ba abin da za ka yi. Ka yi naka, ka bar mini saura."

Da suka isa bukkarsu ta zauna ta tuƙa igiyar rama mai tsawon gaba ashirin. Shi yana gefe yana narka dalma, yana satar kallon hannuwanta.

Washegari da hantsi duk zango ya taru. Madugu ya sha babbar riga, Ɗangoma na ta zuba kirari. Anaruwa ya ɗura Tauraruwa yatsa huɗu, ya danna da sandar ɗuri. Kafin ya saɓa ta, Tasalla ta durƙusa gaban Madugu.

"Ranka ya daɗe, a gidanmu ba a shiga dawa da bindigar da ba a ji muryarta ba. A ɗaure ta a jikin marken can, in ja kunama da igiya, sannan a tafi."

Madugu ya ɓata rai. "Ke 'yar maƙera, Tauraruwa za a ɗaure a itace kamar akuya? Kin san hannun sarakunan da ta bi?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Amma tunda ka yarda da ita haka, ga ta a ɗure. Ka kara ta a kuncinka ka harba sama sau ɗaya, mu talakawa mu ga yadda ake yi."

Fataken da suka yi shekaru suna bin Ƙosau suka sunkuyar da kai, domin kowa ya san abin da ba a faɗi. Madugu ya dubi bindigar, ya dubi hannuwansa masu taushi kamar na mai jego. Ya ce kafaɗarsa na ciwo tun jiya, a ɗaure ta a marken, don dai a rufe bakin mace.

Tasalla ta ɗaure ta da kyau, ta zarga igiya a kunama, ta sa mutane suka ja da baya, ita ma ta laɓe bayan wata kuka. Ta ja.

Ƙarar ba irin ta bindiga ba ce. Da hayaƙi ya washe, bututun ya buɗe kamar furen kabewa, ƙotar ta rabu uku, wani ɓallin ƙarfe ya nutse a jikin marken har ba a iya zaro shi. Anaruwa ya ɗaga hannunsa na hagu ya daɗe yana dubansa.

Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Ƙosau kuwa cewa ya yi maharbi ne ya yi mugun ɗuri don hassada, a kawo Gimbiya, baransa ya ɗura da kansa. Gimbiya ta fashe. Aka kawo Hasken Teku, ta fashe. Ta tsohon jarumin nan ba ta ma tashi ba, don tsatsa ta toshe cikinta tun tuni, waje kaɗai ake dirzawa. Kafin azahar goma sha bakwai sun zama tarkace a gindin marke. Tasalla ta bi sauran tana ƙwanƙwasawa, tana cewa wannan ma haka, wannan ma haka, kamar mai zaɓen ruɓaɓɓen gauta. Ɗangoma ya nemi kirarin da zai yi ya rasa, ya zame ya koma wajen jakuna.

Wani dattijon fatake mai suna Nomau, wanda ɓaunar ta kashe wa ƙane, ya matso ya ce, "Madugu, yara na jin yunwa. Maharbi ya rantse sai da wadda ka miƙa masa. Ko akwai wadda ta rage a rumfarka da ba za ta kashe shi ba?"

Akwai guda ɗaya, a jingine a ƙofar rumfa inda aka ajiye ta don dariya. Madugu Ƙosau ya tashi da ƙafarsa, abin da ba a saba gani ba, ya ɗauko Baƙa. Man kaɗenta ya ɓata masa gaban riga. Ya miƙa wa Anaruwa ita a gaban kowa, bai ɗaga ido ba.

Anaruwa ya shiga dawa shi kaɗai. An ce ya shafe jikinsa da hayaƙin kashin shanu don ƙudan zuma, ya bi ta ƙarƙashin iska, ya bari sai da ɓaunar ta sunkuyar da kai ta taho har yana jin hucinta. Daga zango aka ji ƙara ɗaya, mai kauri, cikakkiya. Tasalla na zaune tana naɗe igiyarta. Ta ce da matan da ke kusa su ɗora tukwane.

Ayari ya tsallake mashigi bayan kwana biyu. Madugu ya wuce da sauran bindigoginsa a naɗe, kuma an ce har ya mutu ana dirza masa su, sai dai ya daina nuna wa baƙi. Sunansa bai kai Gwanja ba. Nomau da gidaje bakwai suka ƙi binsa, suka kafa bukkoki kusa da ta maharbin. Tasalla ta tattara tarkacen gindin marke ta ƙera musu fartanya da lauje, ta ce ƙarfen ya daɗe yana zaman banza.

Garin da ya tashi a wurin shi ne Marken Tasalla. Itacen yana nan, ya haɗiye ɓallin ƙarfen sai ɗan bakinsa, yara na taɓawa in sun wuce. Bindigogin garin duk baƙaƙe ne, kuma mutumin da aka ga tasa na walƙiya, ko zomo ba a gayyatarsa farauta. Har yau ba a harba sabuwar bindiga ko wadda aka gyara sai an ɗaure ta a marken an ja da igiya, kuma namiji ba ya ja. Mai mata, matarsa ce ke ja. Saurayi kuwa uwarsa ce ko yayarsa. Amma wani lokaci, idan an gama ɗauri an ja da baya, sai a ga wata budurwa ta fito daga cikin mata, kanta a ƙasa, ta karɓi igiyar daga hannun uwar. Idan uwar ta sakar mata, ba a ƙara tambayar kowa komai. Sai dai a fara neman ranar kai goro.