Darbejiyar Tanimu Tela

Dalilin da ya sa a Tudun Kanya ba wanda ke dasa bishiya a ƙofar gidansa, sai a ƙofar maƙwabci, ku matso yara ku ji. Kai Bala, cire yatsa daga hanci.

A da, garin nan fayau yake kamar kan angulu, an sare komai an hura wuta. Sai hukuma ta aiko malamin daji da irin darbejiya, ta ce kowane gida a dasa ɗaya, kuma wadda aka dasa ba mai taɓa ta. Mutane suka karɓa suka jingine a zaure, kowa na jiran ya ga wa zai fara.

Tanimu tela ne ya fara. Ya dasa, ya kewaye da ƙaya, yana ba ta ruwa har ta yi inuwa. Ranar da ta yi inuwa, ranar masifa ta sauka. Sallau, shugaban 'yan zaman banza, ya kwaso majalisarsa da tabarmi suka tare a ƙofar. Ba abin da ke shiga gidan ba su tanka ba.

"Yau ma kuka ce, Tanimu? Jiya kuka, shekaranjiya kuka!"

Ladidi matar Tanimu ta ɗaure kayanta. "Malam, ko su ko ni. Tuwona ya zama labarin gari!"

Tanimu ya fito da gatari yana huci. Malamin daji ya sha gabansa. "Ka sare ta, ka kwana a ofishinmu."

"To ka kore su!"

"Ni bishiya aka ba ni tsaro, ba bakin mutane ba."

Sallau ya gyara kwanciya. "Inuwa ta Allah ce, tela. Koma ka taka kekenka."

Masu kallo suka ce, ka gani ko? Wanda ya dasa, shi ya gayyato Sallau. Wasu har suka jefa nasu irin a bola.

Tanimu ya bi bola ya tsince irin tas. Da rana tsaka, su Sallau suna minshari a inuwarsa, ya bi ƙofar kowannensu ya dasa. Ƙofar Sallau uku ya kafa, ya kira malamin daji ya shaida.

Sallau ya zo yana kumfar baki. "Uban wa ya sa ka?"

"Taɓa ta mana, ga malam nan tsaye!"

Don haushi Sallau ya dasa wa limami, limami ya dasa wa mahauci, mahauci ya dasa wa surukinsa. Kowa na ba ta ƙofar abokin gabarsa ruwa da asuba, don ta yi saurin girma. Inuwa ta yi yawa, majalisa ta watse, Ladidi ta kwance kayanta.

Shi ya sa har yau, in kun ga mutum ya nufo ƙofarku da guga da ɗan dashe yana murmushi, ku ruga ku tambayi babanku abin da ya yi masa.