Amawalin Waziri Makau

A can zamanin da, a wata ƙasa mai ganuwa da kasuwar bayi, an yi wani sarki da bayin gandunsa suka hana shi sakat. Mutanen wani gari ne da ake kira Tudun Marke. Suka ajiye fartanya, suka zo suka zauna a ƙofar fada, suka ce su 'ya'ya ne, mahaifin sarki ne ya ƙone garinsu ya kamo su ba bisa haƙƙi ba. Aka yi bulala har hannun dogarai ya gaji, ba wanda ya motsa.

Sarki ya nemi shawarar Waziri Makau, mutumin da ba a taɓa ganin haɓarsa ba, don kullum amawalin rawaninsa na rufe da bakinsa. Jama'a na cewa tsabar kamun kai ne. Ina fa!

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, su kawo ɗa guda haifaffen garinsu ya shaide su, tunda shaidar bawa ba ta karɓuwa. In sun kasa, a sayar wa fataken hamada da shugabarsu, saura za su koma gona."

Fadawa suka yi ta yaba wannan hikima. Shi kuwa ya san babu ɗan garin da ya tsira sai shi. Yana yaro ya sulale daga ayarin kamammu, wani malami ya riƙe shi, ilimi ya kai shi fada. Tsagar Tudun Marke, daga gefen baki zuwa haɓa, ita yake ɓoyewa. Tsoro ya hana shi ko kallon fuskar bawa.

Ranar hukunci aka shigo da shugabar, fatake na jira da igiya. Waziri ya ɗaga ido ya dube ta. Tasalla ce, yayarsa da ta goya shi.

Sarki ya ce, "Baiwar Allah, ina mashaidinku?"

Ta dubi Waziri, ya tabbata ta gane shi, ya jira ta tona. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba mu da kowa, ranka ya daɗe."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta kama shi har ya tsani kansa. Ya miƙe, ya ja amawali ƙasa.

"Ga mashaidi. Sunana na yanka Jatau. A gabana aka ƙone garinmu, kuma ba a taɓa sayen ko ɗayanmu ba."

Sarki ya ce wa malamai, "To, ku warware mini. In jininsu jinin bayi ne, shi ma bawa ne, shaidarsa ta faɗi."

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in ta faɗi, duk hukuncin da ka yanke bisa maganarsa ya faɗi tare da ita."

Sarki ya ce, "Ɗa ne, su ma 'ya'ya ne. A sallami fatake, a mayar wa mutanen nan ƙasarsu. Kai kuma ajiye rawanin, ka bi su ka taya su gini."

A ƙofar fada ya durƙusa gaban Tasalla. "Yaya, ki yafe mini. Ina Inna?"

"Bara ta rasu, tana daka a gidan sarki. Kullum takan ga wucewarka, da tafiyarka ta gane ka."

"Me ya hana ta kira ni?"

Tasalla ta ce, "Ita ta hana mu. Ta ce a bar mata guda ɗaya ya ci abinci ya ƙoshi."