Saƙon Muryar Malam Zulkifli

Akwai wani tsohon malamin gona a Birnin Kudu da ake kira Malam Zulkifli. Shekara da shekaru ya yi yana zaga ƙauyuka yana koya wa manoma sa taki da feshi, har mutane suka saba in ya faɗi magana ta zauna. Shi ma ya saba. Ko bayan ya yi ritaya, ba ya son a ce akwai abin da bai sani ba.

Wata rana jiri ya ɗebe shi a kasuwa, aka kai shi asibiti. Da aka auna jininsa, likita ya ce kitse ya yi yawa a ciki, irin wanda ke taruwa a hanyoyin jini ya toshe su. Ya rubuta masa ƙwaya, ya ce, "Baba, ka riƙa sha kullum. Za mu sake awo mu ga yadda kitsen ya sauka. In ka ji wani sauyi a jikinka, ka dawo."

Bai daɗe da fara sha ba sai cinyoyinsa suka soma ciwo, ga kasala. Ya tsaya gaban madubi, ya ja fatar idonsa, ya ga kamar ta yi fari.

"Maganin nan jini yake shanyewa," ya ce wa matarsa Hidaya.

"To Malam, ba ka koma su duba ba? Ai sun ce ka koma."

"In koma wajen yaron da na haifi kamarsa? Ni da jikina?"

Ya ajiye maganin. Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya ɗauki waya ya naɗi saƙon murya, cikin natsuwar nan tasa ta mai koyarwa. Ya ce shi ganau ne, maganin rage kitse yana cinye ƙwayoyin jini, duk mai son ransa ya daina sha. Ya tura guruf ɗinsu na tsofaffin ma'aikata.

Kafin mako ya zagayo, saƙon ya karaɗe gari. Ana tare shi a hanya ana cewa, "Allah Ya saka, Malam, ka ceci al'umma." Ya riƙa jin daɗi.

A Fagam, can ƙasar Gwaram, yana da yaya mai suna A'i. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta tsaya sai da aka sa shi makaranta. Ta taɓa samun matsalar zuciya, tun lokacin take shan magunguna. Zulkifli bai taɓa tambayar waɗanne ba ne.

Wata maƙwabciya ce ta kunna mata saƙon. A'i na jin muryar ta yi murmushi. "Ai ƙanena ne wannan. Shi ya yi boko, ba zai faɗi abin da bai sani ba."

'Yarta Nasiha ta roƙe ta. "Inna, ki bari mu tambayi likita tukuna."

"Wane likita ya fi Zulkifli sona?"

Da yake ba ta iya bambance ƙwayoyin ba, sai ta ajiye su duka, har da na hawan jini. In Nasiha ta miƙo mata, ta karɓa ta tura ƙarƙashin katifa.

Bayan 'yan watanni, da hantsi tana tankaɗe, rariya ta suɓuce daga hannunta. Bakinta ya karkace, ta kife a kan tabarma.

Zulkifli ya iske su a asibiti. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ya juya kan Nasiha da faɗa. "Wane irin sakaci ne wannan? Ba kya ba ta maganinta ne?"

Nasiha ta dube shi, idonta jajur. Ta kwance bakin zaninta, ƙwayoyin da ta tsinto ƙarƙashin katifa suka zube a kan gado.

"Kawu, kai ka ce a daina. Muryarka ta ji."

Ya zauna a ƙasa.

A ranar ya koma wajen likitansa, ya nemi a auna jininsa. Da sakamako ya fito, likitan ya ce, "Baba, ƙwayoyin jininka lafiya lau suke. Kitsen ne ya ƙara hawa. Ciwon cinya kuwa yakan samu wasu masu shan maganin. Da ka dawo, da mun duba mun rage maka ko mun canja wani."

Ya sake naɗar saƙo, ya ce ya yi kuskure, kowa ya koma wajen likitansa. Mutane kaɗan suka saurara. Ba wanda ya tura gaba.

A'i ba ta sake takawa ba. Zulkifli ya koma shan maganinsa, ya tare a Fagam, shi ke ba ta kunu da cokali, shi ke taya Nasiha juya ta. Wata safiya ya durƙusa gaban gadonta ya riƙe hannunta mai motsi.

"Yaya, ni na jawo miki. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallonsa. Leɓenta ya motsa, wani sauti ya fito. Ya kai kunne kusa, ya dubi Nasiha, ita ma ta girgiza kai.

Kafin kaka ta shigo A'i ta rasu. Har yau bai san abin da ta ce masa ba.

Darasi: Abin da ka ji a jikinka ba shi ne awon jini ba. In magani ya dame ka, koma wajen wanda ya rubuta maka, kada ka daina da kanka, kada kuma ka sa wani ya daina. Maganar da ka saki a waya ba ka san kunnen da za ta faɗa ba. Ku tura wannan ga iyaye da 'yan uwa masu shan magani, ku kuma karanta wa waɗanda ba sa iya karatu.