Lantana da Ruwan Jos

Ku gyara zama ku ji wannan, don in na kai aya ku za ku yanke hukunci, ba ni ba.

Akwai wata budurwa 'yar Gusau, sunanta Lantana, wadda Allah ya hore wa wasan tanis, wasan nan da ake buga 'yar ƙwallo da raket ta tsallake raga. Ta je gasa a Jos, ta yi ta kayar da abokan karawarta har ta kai wasan ƙarshe. Wadda ta ci za a kai ta makarantar horarwa a ƙasar waje, kuma za ta tafi da mutum ɗaya da zai riƙa kula da shirinta.

Ranar wasan da safe ta ɗumama jikinta yadda ta saba, har gumi ya keto mata. Kafin alƙalin wasa ya hau kujerarsa sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, aka ɗage wasan. Kun san sanyin Jos bayan ruwa. Lantana da ta tashi cikin zafin Zamfara ta takure a rumfa, haƙoranta na kaɗawa. Ƙafafunta suka yi nauyi, kafaɗarta ta dama da ta gurɗe bara ta sage. Abokiyar karawarta kuwa ta shige mota ta rufe gilashi. Can aka yi shela cewa da zarar an share ruwan filin za a fara.

Wanta Barau, tsohon ɗan ƙwallon ƙafa, ya same ta ta ɗora ƙafa kan benci tana jan jijiya a tsaye. Ya ce, "Sauke ƙafar nan. Jijiya mai sanyi busasshiyar fata ce, ba a ja ta da ƙarfi. In kuma kika daɗe kina ja, zaburarki za ta ragu." Ya sa ta sassarfa a baranda, daga nan gudun gefe, daga nan tsalle da igiyar da suka ɗaure kayansu da ita. Da jini ya motsa sai ya sa ta gajerun zabura. Ƙafafu suka dawo.

Ƙanwar mahaifiyarta, Inna Tabawa, wadda ke aikin gashin ƙashi a asibiti, tana gefe tana kallo. Ta ce, "Ɗiyata, ɗaga hannun nan in gani." Hannu ya ƙi wuce kunne, alhali da shi ake bugun farko daga sama. Inna ta karɓo ruwan zafi wurin mai shayi, ta gasa kafaɗar da tawul. Ta ɗaure robar tayar keke a jikin ginshiƙi, ta sa Lantana tana ja a hankali, ciki da waje, har hannun ya koma juyawa ba ciwo.

Sai ga Asabe, 'yar wasan da Lantana ta fitar daga gasar jiya. Ta riga ta ɗauki jakarta za ta tasha, amma ta ajiye. Ta ce, "Jiki ya yi ɗumi, ido fa?" Ta ja ta ɗakin cin abinci, suka ture tebura. Ta fara buga mata ƙwallo a hankali, sannan da ƙarfi. Da yake Asabe ta taɓa karawa da waccan ta cikin mota, ta san bahaguwa ce mai son sakin ƙwallo dab da raga, don haka irin bugun ta yi ta aiko mata. Tun Lantana na kuskurewa har ta daina.

Aka shiga fili. Waccan ta fito daga mota, ta duƙa ta taɓa yatsun ƙafa, ta ce ta shirya. Kafin jikin nata ya saki, Lantana ta cinye zagayen farko. Amma bahaguwar gwana ce, da ta yi ɗumi ta rama na biyu. A na uku aka yi kankankan, har ya rage bugu ɗaya. Bahaguwar ta karkata raket, Lantana ta gane sakin za ta yi, ta zabura tun ƙwallon bai tsallako ba, ta tsamo shi dab da ƙasa. Waccan ta cilla shi sama don ya wuce kanta. Lantana ta ɗaga hannu ta narka shi a kusurwa. Wasa ya ƙare.

Bayan an miƙa mata kofi, shugaban gasar ya ce, "To, Lantana, da wa za ki tafi?"

Ta waiga. Barau na share gumi, Inna Tabawa na riƙe da tawul, Asabe ta sake ɗaukar jakarta. 

To jama'a, kujera ɗaya ce. Tsakanin wanda ya tayar da ƙafa, da wadda ta kwance kafaɗa, da wadda ta wasa ido, wa ya fi cancanta ya bi ta?